Turke na Tara

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe wa mijina Dougal agogo. Kada wani ya ce mini ƙaramin aiki ne. Wadda ba ta taɓa tsayawa kusa da mijinta baki rufe ba, ana iska, sanyi na cin yatsun ƙafarta, ba ta san tsawon minti biyar ba.

Ga yadda muke yi. Duk makon farko na Disamba, lokacin da a ƙasarmu zafi ya fara shigowa, 'yan tumaki sun yi ƙwari, sai mu fita ƙidayar tsuntsaye. Turke goma Dougal ya kakkafa tun muna da ƙuruciya, daga kan tudun bayan gidanmu, a bi ta gonar su Tulloch, a gangara har bakin tafki. A kowane turke ya tsaya minti biyar, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji. Ni in ce "fara", in ce "tsaya", shi ke nan. Kunnen mutum ɗaya ake amfani da shi, kuma shi ɗin dai kowace shekara, in ba haka ba ba za a iya gwada bana da bara ba. Mai agogo ba ta nuni, ba ta tari, ba ta ko juya kai. A shekararmu ta biyu na ga shaho na ɗan ɗaga haɓa, mutumin nan ya sa muka koma turke na ɗaya, kuma bai yi mini magana ba sai da muka zauna cin abincin rana.

Turke na tara da na goma suna cikin fadamar bakin tafki, wata sarƙaƙiya ce ta ciyawa da gajerun itatuwa masu kai wa mutum ƙirji. A nan ne tsuntsun nan mai kunya yake. Yana da sunansa a littafi, amma mu a gida haka muke ce masa. Ɗan mitsitsi ne, ruwan ƙasa, jelarsa a tsattsage kamar tsohuwar tsintsiya. Bai iya tashi kirki ba, a ƙarƙashin ciyawa yake yawo, sai ka shekara ba ka sa shi a ido ba. Kukansa ake ji, siriri, can sama: namijin ya ce "u", macen ta karɓe da "tik", a manne, har ka ɗauka baki ɗaya ne. A duk yankinmu nan kaɗai suka rage, sauran fadamun an janye musu ruwa an shuka ciyawar shanu.

Fadamar ta tsohon Tulloch ce, abokin Dougal tun makaranta. Shi bai san tsuntsu ba sai wanda ake gasawa, amma ya ce muddin littafin Dougal na nuna mai kunya yana nan, babu mai taɓa wurin. Da zai rasu ya bar wa ɗansa Hamish wannan magana. Hamish kuwa shanun madara ya sa a gonar, garken ya ƙaru, ciyawa ta yi masa kaɗan. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Shekara biyu a jere littafin ya nuna babu, ya haƙura. Sai bara ya zo gidanmu, ya cire takalminsa a ƙofa, ya zauna ya ce, "Kawu Dougal, ba na son in karya maganar Baba. Amma in bana ma babu, zan sa katafila kafin Kirsimeti."

Dougal ya ce, "Ka yi adalci, ɗana. Littafi ba ya ƙarya."

Ni ina tsaye ina zuba musu shayi, na kasa duban Dougal. Don shekara biyun nan duka ni na ji kukan mai kunya. A ta farko na ce ko iska ce ta ɗauke masa. A ta biyu na san me ake ciki. Butar shayinmu tana fito har ta kusa ƙonewa yana zaune kusa da ita yana karanta jarida. Ƙaramin agogon murhu ya yi ta tsuwa, ko gezau. Magana kam yana ji, saniya ta yi kuka a gonar da ke gaba yana ji, siraran sautuka ne suka tafi. Na taɓa ce masa mu je asibitin garin Balclutha a duba kunnensa. Ya ajiye cokali ya ce, "Ni? Ni da ake ɗauko mutane daga Dunedin su zo in koya musu sauraro? Ke dai ce muryarki ta koma ta sauro." Kwana uku yana kumbura.

Za a ce me ya hana ni faɗa. Na tambayi kaina har na gaji. Wani ɓangare tsoro ne. Tun da zuciyarsa ta taɓa buga shi ƙasa ya sayar da tumaki, abin da ya rage masa a duniya kunnen nan ne da littafin nan. Wani ɓangaren kuma, Allah ya yafe mini, haushi ne. Shekara talatin an ce in yi shiru, to ga shiru nan, ya ci.

Ranar Litinin muka fita, gari ya waye tas. Na ɗauki filas da burodi da cuku, shi ya rataya madubin hangen nesa, fensir a bayan kunne. Raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. A turke na ɗaya, can kan tudu, ana ganin tuddai suna bin juna kore shar har inda ido ya ƙare, tafkin yana kwance a ƙasa. 'Yan tsuntsayen nan masu hawa sama suna waƙa sun cika ko'ina, ni na ji sun kai takwas. Shi biyun da ya gani da ido ya rubuta, ya girgiza kai.

"Su ma suna ƙarewa," ya ce bayan na ce tsaya. "Maganin feshi ne."

"To," na ce.

"To me? Ba ki da abin cewa sai to?"

"Ai ba ni da baki, tsoho. Kai ka cire shi tun ina amarya."

Ya yi 'yar dariya, ya miƙo hannu ya taimake ni na tsallake wayar shinge. Ranar yana cikin nishaɗi, amma irin nishaɗin mai jin tsoro, surutu ya yi masa yawa. A turke na shida agwagin daji biyu suka tashi suna ihu, mijin da muryarsa mai kauri, matar da tata mai tsini. Ya ce ga mu nan ni da ke. Na ce to ai ita tana samun damar magana.

Muka shiga fadama, laka na tsotsar takalmanmu. A kan tafki baƙaƙen agwagi masu dogon wuya sun fi ɗari, ya ƙirga su tun kafin mu kai. Turke na tara ya karkace, ya miƙar da shi da ƙafa. Ya cire hula, abin da bai saba yi ba, ya buɗe littafi.

Na ce, "Fara."

Minti ɗaya bai cika ba na ji su. U-tik, daga hagu. U-tik, daga bayanmu. Wasu biyun kuma can wajen ruwa. Na kafe idona a kan agogo, amma ta gefen ido na ga ciyawa ta motsa, ga ɗaya ya leƙo, bai fi taku huɗu da takalmin Dougal ba, bakinsa cike da ƙwari. Ke nan akwai 'ya'ya a gida. Dougal ya rufe ido, ya karkata kai, ya ɗan buɗe baki, yana sauraro da dukkan jikinsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Tsuntsun ya dube shi ya koma ciki.

Na ce, "Tsaya."

Ya buɗe ido ya ja ɗan layi a littafin, alamar babu. A turke na goma ma haka, a can uku na ji. Muka zauna kan wani kututture na zuba shayi. Ya riƙe kofin bai sha ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Elspeth, ke kin ji wani abu?"

A shekara talatin da ɗaya bai taɓa tambayata ba. Na dubi gefen fuskarsa. Ya san amsar da yake tsoro, kuma roƙona yake kada in ba shi ita. Haka na fassara a lokacin. Yanzu ban sani ba, wataƙila roƙona yake in faɗa.

Na ce, "Ban ji komai ba."

Ya sauke numfashi, ya shanye shayin a kurɓi ɗaya. "Sun tafi ke nan," ya ce. "Na yi iyakar yina."

Da yamma ya buga wa Hamish waya ya gaya masa. Washegari na ce zan kai wa matar Hamish ƙwai, na same shi shi kaɗai a rumfar tatsa yana wanke daɓe da tiyo. Na gaya masa komai. Ya kashe ruwan, ya goge hannu a wando.

"Anti Elspeth, kin sa ni a tsaka mai wuya," ya ce. "Na riga na kira mai katafila, ranar Alhamis zai zo. Ina iya hana shi. Amma Kawu zai tambaye ni dalili, ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba, kuma ba ni zan gaya wa mutumin da ya koya mini kamun kifi cewa ya kurumce ba. Wannan naki ne. Ki gaya masa, ki bugo mini kafin Laraba da yamma, magana ta ƙare."

"Ba za ka iya cewa kuɗi ne suka yanke maka ba?"

"Bana in ce haka, baɗi kuma in ce me? Har yaushe za mu yi ta yi masa wasan yara?"

Na ji haushinsa ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Kwana ɗaya da rabi nake da shi, na kuma ɓata shi. Na shirya maganar a raina ya fi sau ashirin. Ranar Laraba da safe na same shi a teburin kicin ya baza littattafan duka, talatin da ɗaya, yana bin turke na tara shekara bayan shekara da yatsa. Goma sha biyu, goma, sha ɗaya, takwas. Na buɗe baki, sai ya ɗago ya ce, "Kin san abin da ke kwantar mini da hankali? Ban taɓa rubuta abin da ba haka yake ba. Ko bayan raina wani ya ɗauki littafin nan zai iya dogara da shi." Na rufe bakina na ɗora ruwan zafi. Da la'asar na ɗauki waya na ajiye, na sake ɗauka na ajiye. Na ce wa kaina tsuntsaye ne, suna da fukafukai, za su sami wani wuri. Ni da na san ba su iya tashi ya wuce tsawon igiyar shanya ba, kuma babu wata fadama sai bayan mil goma.

Alhamis tun da sassafe na ji ƙugin katafila daga can ƙasa. Shi ma ya ji, irin wannan sautin yana jinsa sarai. Na yi ta jan sa da aiki, na ce famfo na ɗiga, na ce a ɗaure tumatir. Wajen ƙarfe goma ya sa takalmi.

"Ina za ka?"

"In yi sallama da wurin."

"Me za ka gani ban da laka? Zauna ka huta wa zuciyarka."

"In ba za ki ba, ki zauna."

Na bi shi. Daga kan tudu muka ga an riga an ci fiye da rabin fadamar. An tsaga wani dogon rami baƙi har tafki, ruwa na bi, an tara sarƙaƙiyar tsibi-tsibi. Fararen tsuntsayen teku sun taru a bayan katafilar, suna sauka suna tashi, shaho biyu na shawagi a sama. Dougal ya ɗaga madubi ya ce tsutsa suke ci. Sai na ga ya daskare.

Idonsa lafiya lau yake, wannan ban taɓa shakka ba. Ni ma ba madubi na gani. Duk lokacin da katafilar ta kafa haƙora ta yaye ciyawa, sai wani ɗan abu ruwan ƙasa ya fito, ya yi 'yar firiya jela na reto, ya faɗi a kan laka a fili inda babu wurin ɓuya. Fararen nan su yi kansa.

"Ɗaya," Dougal ya ce a hankali. "Biyu. Uku."

Ya jefar da sandarsa ya ruga. Mutum mai shekara saba'in da huɗu da ciwon zuciya, yana gangara tudu da gudu yana ɗaga hannu. Na bi shi ina kiran sunansa. Ya faɗi sau ɗaya ya tashi. Hamish na tsaye a bakin ramin, ya gan shi, ya yi wa direban alama, injin ya mutu. Wurin ya yi tsit sai kukan fararen tsuntsayen.

Kafin in iso Dougal ya shiga laka har gwiwa, wajen da turke na tara yake a da. Ya durƙusa gaban wani tushen ciyawa da aka kife. Ya sa hannu ya zaro gida, ɗan ƙoƙo na ciyawa da gashin tsuntsu a ciki. 'Ya'ya uku, ko gashi ba su gama yi ba, laka ta cika musu baki. Ɗaya yana ɗan motsi, kafin ya gama share shi da babban yatsa ya daina.

A kan wani karyayyen reshe, kusa da shi har zai iya kai hannu, uwar ko uban ya fito fili ya tsaya. Tsuntsun da ake shekara ba a gani ba. Bakinsa na buɗewa yana rufewa, maƙogwaronsa na harbawa. Dougal ya zuba masa ido, ya daɗe. Sannan ya juyo gare ni.

"Kuka yake?"

"Kuka yake."

"Yanzu haka?"

"Yanzu haka, Dougal."

Ya sake duban tsuntsun, ya kai hannu mai laka ya taɓa kunnensa. "Ranar Litinin fa?"

Hamish ne ya matso, fuskarsa ta yi ja, ya ce, "Anti, na jira wayarki har na gaji. Na ɗauka kun yi magana kun yanke." Bai faɗa don ya tona ni ba, kansa yake wankewa, kuma yana da haƙƙi.

Dougal ya ce, "Nawa kika ji?"

"Shida a nan. Uku a na goma."

"Bara?"

"Bara ma. Da waccan."

Na jira ya yi faɗa. Wallahi na so ya yi, ya zage ni a gaban Hamish da direban, ni ma in samu in ce masa wa ya ce in yi shiru, wa ya ƙi zuwa asibiti. Na tanadi duk wannan a bakina. Bai ba ni dama ba. Ya mayar da gidan inda ya ɗauko shi, ya lulluɓe da ciyawa, ya miƙa wa Hamish hannu ya jawo shi daga lakar. Da na kawo nawa hannun sai ya yi kamar bai gani ba.

Hamish ya sallami katafilar a ranar, ya bar ɗan abin da ya rage. Amma an riga an tsaga ramin, ruwa ya san hanya. Kafin ƙarshen Janairu sauran fadamar ta bushe, ana taka ta da takalmin gida. Na ji mai kunya sau biyu a watan, guda ɗaya, yana cewa "u" babu mai karɓa masa. Daga nan ban ƙara ji ba.

A gida Dougal bai canza mini komai ba da za a nuna. Yana cewa na gode in na ba shi abinci. Ya ɗauko littattafan shekara ukun nan ya ja layi a kan kowane shafi, ba turke na tara kaɗai ba, duka, ya rubuta a bango cewa kada a dogara da su, kunnen mai ƙidaya ya lalace. Shi da kansa ya tuƙa mota zuwa Balclutha, ya dawo da 'yar na'urar ƙara ji a kowane kunne. Ranar buta ta yi fito ya zabura, ya tsaya yana kallonta har na zo na sauke.

Bana, makon farko na Disamba, na tashi na same shi ya sa takalmi, ya ajiye agogon a gefen farantina. Ba mu tsaya a turke na ɗaya ba, ba mu tsaya a ko ɗaya ba. Muka wuce kai tsaye har bakin tafki. Ciyawa ta fito kore, shanun Hamish suna kiwo, suka ɗago suna kallonmu. Ya auna da taku daga wayar shinge har ya sami inda turken yake a da, ya cire hula, ya gyara na'urar.

Na ce, "Fara."

Ya ji 'yan tsuntsayen sama, na ga ya ɗaga kai. Ya ji agwagi a kan ruwa. Fensirinsa bai motsa ba, ba su ya zo nema ba. Na kasa kunne kamar yadda ban taɓa yi ba a rayuwata, har kaina ya fara ciwo.

Na ce, "Tsaya."

Ya juyo ya dube ni ido cikin ido. "Kin ji wani abu?"

"Ban ji komai ba."

Wannan karon gaskiya na faɗa. Ya daɗe yana kallon bakina, sannan ya mayar da kansa wajen shanun.

"Sake sa agogon," ya ce.